Rufi Biyu a Gangaren Namasuba

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau ba doguwar gaisuwa, cikina cike yake da magana. Wadda yau ta fara leƙowa kuma ta samu wuri ta zauna, ba a bar ta a baya ba. Sunana Zulaika Nabakooza, ina sayar da yadin gomesi, doguwar rigar da matanmu ke sawa a biki, a wani ɗan shago a layin Kiyembe, kuma ni kaɗai Allah ya bai wa mahaifiyata, Maama. Akwai wani mai gyaran firji a Katwe, Twaha Kayondo, da ya rantse sai ya aure ni. Ni dai ban rantse a gabansa ba, kada kansa ya kumbura, amma ku ai kun san inda zuciyata ta kwana.

Damuwarmu guda ɗaya ce tal. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Maama bara, ƙafarta ta hagu ba ta tafiya sai da sanda. Tun ranar da Twaha ya fara yi mini zancen aure na gaya masa ba zan bar ta ita kaɗai a ɗakin haya a Kawempe ba, ko da kuwa zan tsufa a gida. Ga shi kuma suruki da uwar matarsa ba sa kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Ba sa haɗa ido, ba ya miƙa mata abu hannu da hannu. Tsofaffi sun ce duk wanda ya karya wannan, karkarwa ce za ta kama shi har ƙarshen ransa. Ni ban taɓa ganin wanda ta kama ba, amma gaskiya ban taɓa ganin wanda ya gwada ba. Maama kuwa ko sunan Twaha ba ta kamawa, sai dai ta ce "muko", wato surukinta, tun ba a ɗaura komai ba.

Ranar Lahadi da safe ina gugar mayafi sai ga saƙonsa.

"Ki zo Namasuba bayan azahar. Ki sa takalmin da ba kya so."

Na rubuta masa, "Duk takalmana ina son su."

"To ki sako wanda ya fi haƙuri."

Don tsabar taurin kai na sa fararen silifas ɗina masu duwatsu, da doguwar riga ruwan zuma, da mayafi mai ɗan kwalliya a baki. Ina isa na gane kuskurena. An yi ruwa da safe, jar ƙasar nan ta Namasuba ta zama kunu, kafin in kai ƙofar gidansa silifas sun koma ruwan kasa. Yana tsaye yana kallona, yana danne dariya.

"Ka yi dariyar mana, kada ta shaƙe ka," na ce.

"Ni? Ina tausayin takalmi ne kawai."

Gidan nasa ba wani babba ba ne, ɗaki biyu da falo, rufin kwano kore, a daidai bakin hanya. Shi ya gina abinsa bulo bayan bulo da kuɗin gyaran firji, kuma in yana maganar gidan har muryarsa canzawa take. Daga bayan gidan sai ƙasa ta sulale ta gangara har zuwa ayabar maƙwabta. A nan ya daɗe yana son ƙara ɗakuna biyu kafin aure. Muka zagaya baya, na tarar da wani dattijo da fensir a bayan kunne yana caka sanda a ƙasa. Twaha ya ce Mzee Lutaaya ke nan, magininsa. Na durƙusa na gaishe shi, rigata ta sha nata rabon taɓon.

"Kalli nan," in ji Twaha, yana nuna gangaren da hannu biyu. "In za a ƙara ɗakunan, dole a ɗora su a kan ginshiƙai, ƙasansu ya zama fili. To me zai hana mu haƙa cikin tudun, mu rufe, ya zama ɗaki? Ɗakin Maama. Ƙofarta daban, banɗakinta daban. Dekin kankare shi ne rufinta, kwano shi ne namu. Rufi biyu ke nan, ko ba haka ba?"

Jama'a, ban san lokacin da idona ya cika ba. Mutumin nan har ya auna inda taga za ta kalli gabas don hantsi ya riƙa shigar mata, kuma ya ce a faɗaɗa ƙofa ko watarana za ta buƙaci keken guragu. Na juya ina gyara mayafi don kada ya gani.

Mzee Lutaaya ya yi gyaran murya.

"Yarona, kafin amarya ta fara kuka, bari mu yi lissafi, ta yi kukan gaba ɗaya. Ginin sama ba ya ba ni tsoro. Na ƙasa shi ke cin kuɗi."

"Ina jin ka, Mzee."

"Katafila ba za ta shiga lungun nan ba, sai leburori da diga da shebur. Ƙasar da suka haƙo kuma ba cinye ta za ka yi ba, sai tifa ta kwashe. Sannan katangar da za ta tare tudun nan, ba bulon wasa ba, kankare ne da rodi mai kauri, in ba haka ba damina ɗaya tudun zai shigo ya zauna da surukarka a ɗaki."

"Allah ya kiyaye," na ce.

"Amin, amma rodi ma yana taimakawa. Bayan katangar sai an shafa kwalta, a shimfiɗa leda, a zuba tsakuwa, a binne bututu ruwa ya samu hanya. Wanda ya tsallake wannan, bangonsa zai riƙa gumi, katifa ta yi funfuna. In muka ci karo da dutse a ƙasa kuwa, wannan wani zancen ne daban."

Twaha ya sosa ƙeya. "Faɗi kawai, Mzee. Na ci abinci."

"Ɗakunan sama, ka ce miliyan talatin. Na ƙasa, arba'in, kuma ka ajiye wani abu a gefe saboda dutse."

"Mzee, ɗaki na ce, ba banki ba."

"Banki ma ai da haka ake gina masa inda yake ɓoye kuɗi."

Suka yi dariya, ni ban yi ba. Na san abin da Twaha ya tara, shilin miliyan arba'in da 'yan kai ne, kuma a ciki har da kuɗin kwanjula, ranar da zai zo da danginsa da kwandunan kaya a gabatar da shi ga namu. Da ya raka ni bakin hanya ya ce kada in damu, za a yi a hankali, ko shekara za a ƙara. Na ce masa shekara ba komai, ni dai a samu Maama ta biyo ni. Na hau mota ina murmushi ni kaɗai, har matar da ke kusa da ni ta tambaya ko albashi aka yi.

Ina shiga gida na ji ƙamshin turaren da na sani. Ssenga Nalumansi ce, wato gwaggona, yayar marigayi babana. Ita ce za ta tsaya a kwanjula ta nuna ango ta ce "ga shi, na san shi," in ba ta tsaya ba babu aure. Tana zaune a kujerar da ta fi kyau, cikin gomesi ruwan hoda, kafaɗunsa a tsaye cak, ɗamara ruwan gwal har ƙasa, ga farantin matoke, dafaffiyar ayabarmu, da miyar gyaɗa a cinyarta. Maama na kan tabarma ta miƙe ƙafa. Na durƙusa na yi gaisuwa, kuma da ina da wayo da na yi shiru. Amma bakina ba ya riƙe daɗi, nan take na zazzage musu komai, har da tagar gabas.

Ssenga ta ajiye cokali a hankali.

"Tsaya, 'yar ƙanina. Ɗakin uwar taki yana ƙasa."

"Eh, Ssenga."

"Ku kuna sama."

"Eh, amma akwai kankare a tsakani, mai kauri sosai, da rodi."

"Wato suruki zai tashi da safe ya riƙa taka kan surukarsa yana neman takalmi. Gadonku kuma a daidai saman kanta."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban ko iya kallon inda Maama take ba.

"Ku yaran zamani kun ɗauka al'ada kankare take aunawa," in ji Ssenga. "Rufi shi ne wanda ruwan sama ya fara taɓawa. Duk abin da ke ƙarƙashinsa gida ɗaya ne, ko hawa goma ne. Yaron yana da kirki, ban ce ba shi da shi ba, amma ya kashe kuɗin nan a kwanjula a fita kunya. Uwarki kuma ga ɗan'uwanta can karkara a Butambala, ɗaki na nan, ayaba na nan."

"Asibitin fa, Ssenga? Wa zai riƙa kai ta?"

"Mutanen Butambala ba sa ciwo?"

Sai a lokacin Maama ta yi magana, a hankali, tana murza gefen tabarma.

"Zulaika, ɗakin nan na ƙasa, da matakala ake saukarsa?"

Ni da Twaha da Mzee mun tsaya muna lissafin kwalta da tsakuwa, babu wanda ya tuna da ƙafar da za ta sauka gangaren nan kullum.

Maama ta yi ɗan murmushi. "Ki gode wa muko. Ki ce masa ya yi tunanin ɗa. Zan tafi Butambala bayan biki, kada in zame muku nauyi."

"In kin tafi tare za mu tafi."

"Rufe mini baki," in ji Ssenga. "Aure za ki yi ko reno?"

Da ta tafi na shige ɗaki na rubuta wa Twaha komai, ban rage ba, har zancen taka kai. Na ga ya karanta. Can sai ga amsa: "Na ji." Shi ke nan fa. Na tura masa, "Na ji kawai?" Shiru. Washegari a shago na yanka wa wata mata yadi ba daidai ba, sai da na cika daga aljihuna. Duk ƙarar da waya ta yi sai gabana ya faɗi, in duba in ga masu tallan bashi ne. Na ce a raina shi ke nan, Zulaika, kin gaji da mutum. Wa zai auri mace da uwarta da Ssengarta da ramin miliyan arba'in? Na yi fushi da shi, na yi fushi da kaina, na kuma yi kewarsa fiye da duka biyun.

Ranar Alhamis da la'asar ina ɓare wa Maama ayaba a falo sai aka yi sallama daga waje, ta wajen taga. Muryarsa ce. Maama ta yi wuf ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wa tagar baya, duk da akwai labule. Na leƙa, na gan shi tsaye cikin farar kanzu, doguwar rigar maza, da kwat a sama, kamar mai zuwa ɗaurin aure, shi ma ya juya wa tagar baya yana kallon igiyar shanyar maƙwabta.

"Ka mutu ne aka tashe ka?" na ce ƙasa ƙasa.

"Ina wurin Mzee muna sake awo. Zulaika, ki gaya wa Maama ina gaishe ta."

Na juya. "Maama, yana gaishe ki."

"Ki ce masa ina amsawa. Ki tambaye shi mutanen gida."

Haka muka yi ta yi, tsakaninsu bai fi taku biyu ba, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, ni ce a tsakiya kamar wayar tarho. Sai da aka gama gaisuwar kaf sannan ya shiga magana.

"Ki gaya wa Maama na yi kuskure, ta yafe mini. Ssenga ta yi gaskiya. Ki ce mata na fasa ƙara ɗakunan sama."

Ban maimaita ba, shi ma bai jira ba.

"Na ƙasan kawai za a gina. Za a matsar da shi daga jikin gidan, a bar 'yar hanya a tsakani yadda ruwan sama zai riƙa sauka a wurin, kowa ya ga rufi biyu ne da idonsa. Dekinsa shi ne rufinsa, ba abin da za a ɗora a kai. Ciki da falo ne da banɗaki. Kuɗin da ke hannuna zai kai, in ba mu haɗu da dutse ba, sai dai kwanjula za ta zama ƙarama."

"To matakalar fa?" na ce. "Ai ƙafarta ce."

"Ba ita za ta sauka ba. Ni da ke za mu zauna a ƙasa. Ki gaya wa Maama gidan sama nata ne, daga hanya sai ɗaki, ba hawa ba sauka. Saman dekin kuma ta sa tabarma ta sha hantsi. In akwai wanda za a taka wa kai a gidan nan, to ni ne, kuma na yarda."

'Yan uwa, gidan da ya gina da guminsa fa. Gidan da yake goge wa taga da hannun rigarsa. Na tsaya riƙe da labule, na kasa juyawa in isar da saƙon. Ba a ma buƙata, don ina jin Maama tana jan hanci a ƙarƙashin mayafi.

Da ta samu murya sai ta ce, "Ki tambaye shi, mahaifiyarsa ta sani?"

"Ki ce mata ta sani. Ta ce in bangon ya yi gumi kada in zo mata da tari."

Maama ta yi dariya cikin kuka. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ciwonta.

Bayan ya tafi ta kira ni na zauna kusa da ita. Ta riƙe hannuna da hannunta mai lafiya.

"Ke fa? Kada ki duba ni. Za ki iya zaman ɗakin da bango ɗaya tudu ne?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, na daɗe ina mafarkin falon nan na sama. Har labulen da zan sa na zaɓa a Kiyembe, ruwan toka mai ratsin azurfa, na ɓoye a ƙasan kanta don kada a saya. Na ji zafin rabuwa da shi, na ji sosai. Amma na tuna mutumin da ya tsaya yana kallon igiyar shanya yana kyautar da gidansa, na ce mata zan iya, kuma ina son sa, ina son sa har ina jin tsoro. Karon farko ke nan da na faɗa a gabanta. Ta ce in tashi in duba tukunya, wai ba ni da kunya.

Saura Ssenga. Na tura mata saƙon murya, na lallaɓa, na zuba ladabi iya ladabi. Amsarta ta zo da safe muna shan shayi, na kunna a gaban Maama.

"Zulaika, ban yi renon 'yar ƙanina don a kai ta rami ba. Amarya a ƙarƙashin ƙasa, uwar amarya a gidan ango, kwanjula da kwandunan da yaro zai ƙirga da yatsu? Me zan ce wa dangi? In haka za ku yi, ku nemi wata Ssengar ta tsaya muku. Ni ba da ni ba."

Na ajiye wayar, shayin ya fita daga raina. Maama ta shanye nata tas, ta kife kofin, sannan ta ce in buɗe akwatin ƙarfe in ɗauko mata gomesinta shuɗi mai furen azurfa, wanda take zuwa biki da shi. Na taimaka mata ta sa, na zagaya mata ɗamara na ƙulle, na gyara kafaɗun suka tsaya. Ta ce in shafa mata turare.

"Maama, ina za mu?"

"Ba mu ba, ni. Kira mini ɗan boda, mai hankali, ba irin masu tashi sama ba."

"Babur, da wannan ƙafar? Bari in nemo mota."

"Yaron nan zai shiga rami saboda ni, ni kuma in kasa hawa babur saboda shi? Mota ba ta shiga lungun Ssengarki. Kira shi."

Ni da ɗan bodan muka ɗora ta a kaikaice, ta rungume sandarta a cinya, hannu ɗaya ta kama ƙarfen baya. Na riƙe gefen gomesin don kada ya shiga taya, na kasa saki.

"In ta ƙi fa, Maama?"

"Tun da na shigo gidansu nake durƙusa mata, ban taɓa roƙonta komai ba. Yau zan durƙusa in roƙa."

"Ƙafarki ba ta lanƙwasuwa."

"To sai ta tashi ta ɗaga ni, mu ga ko za ta iya cewa a'a tana riƙe da ni." Ta zare gomesin daga hannuna. "Ki gaya wa muko ya ce wa magininsa a fara haƙa."

Babur ya ja a hankali, yana kauce wa ramukan layinmu, shuɗin gomesin na ƙara nisa. Wayata ta yi ƙara a hannuna. Twaha ne: "Me Ssenga ta ce?"

Na rubuta masa, "Maama ta ce a fara haƙa." Na tura, na ɗaga wa wani ɗan boda hannu, ko ƙofa ban tsaya kullewa ba.

"Ka ga mai shuɗin can? Bi su. Amma kada ka matsa kusa, in ta gan ni na shiga uku."